Wane kan waya ya dace da rediyon VHF?

Samarin da ke haɗa eriya ko gyaran na'urar watsa FM a nan Maradi sukan zo mini da tambayoyi kusan iri ɗaya a kan kan wayar eriya, wanda wasu ke kira konekta. Ga amsoshin da nake ba su.

Malam, ɗan ƙarfen nan har ya isa a damu da shi?

Ya isa. Zangon VHF ya kama daga megahaz 30 zuwa 300 (megahaz shi ne ma'aunin mitar tashar rediyo), kuma tashoshin FM, 87.5 zuwa 108, a cikinsa suke. A nan, idan mahaɗi bai dace da waya ba, wani ɓangare na ƙarfin da ka tura sama yakan dawo cikin na'ura. Sai ta riƙa zafi, nisan da take kaiwa ya ragu, kai kuwa kana zargin eriya.

Kan F na dish ya fi araha a kasuwa, ba zai yi ba?

In kamawa kawai za ka yi, bismilla. In watsawa ce, bar shi. Shi da wayarsa RG-6 na om 75 ne (om shi ne ma'aunin tirjiyar da siginal ke gamuwa da ita a waya), na'urorin watsawa kuwa galibi om 50 ne, wayarsu RG-58 ko RG-213.

To PL-259 ko N?

A nan ake yawan gardama. PL-259 tsoho ne, tun shekarun 1930, shi ne kake gani a bayan yawancin rediyoyin mota. Yana da ƙarko, liƙa shi da dalma ba wuya. Aibinsa biyu: bai riƙe om 50 daidai a cikinsa, kuma bai hana ruwa shiga. A megahaz 100 ko 145 asarar kaɗan ce, don haka ba na hana shi a cikin ɗaki.

A saman ƙarfen eriya kuwa, N nake sawa. Paul Neill ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarun 1940, yana aiki har gigahaz 11, wato megahaz 11,000, yana kuma da zoben roba mai tare ruwa. Na taɓa sauke wata eriya bayan damina, da na kwance PL-259 ɗinta sai ga ruwa yana ɗiga, saƙar tagullar waya ta yi kore fiye da taƙi biyu. Wayar nan sai da aka yanke ta. Raina ya ɓaci, don kuɗin gumin mutane ne. Ka kula da abu ɗaya: N ma akwai na om 75. Allurar na 50 ta fi kauri, in ka cusa ta cikin macen na 75, wato ɓangaren mai rami, ka ɓata ta ke nan.

BNC da SMA fa?

BNC na kayan awo ne da ake cirewa a mayar kullum, murɗa kaɗan ya kama. SMA shi ne ƙaramin nan na kan oba-oba irin Baofeng. Kada ka rataya masa waya mai nauyi, sa guntuwar siririya a tsakani.

Yaya zan kare shi daga ruwa da ƙurar hunturu?

Sayi wanda bakinsa ya yi daidai da kaurin wayarka, RG-58 wajen milimita 5, RG-213 wajen 10. Ɗaure shi sosai, naɗe da tef ɗin roba mai manne kansa, ka bi da baƙin tef a sama saboda zafin ranar Afrilu. Ka lanƙwasa wayar ƙasa kaɗan kafin ta shiga ɗaki, don ruwa ya ɗige a waje. Cikin watan Mayu, kafin ruwan farko, ka hau ka sake dubawa.