Waiwaye: yadda VMware ya shiga ɗakin sabobi har fitar da shi ya zama aiki

Tun ƙarshen 2023 duk inda masu kula da sabobi suka haɗu maganar ɗaya ce, lasisin VMware, manhajar da ke raba saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da ayyukan ma'aikata, ta zama kwamfutoci da yawa. Broadcom ya kammala sayen kamfanin ranar 22 ga Nuwamba 2023, ko wata guda ba a yi ba sai ga sanarwa cewa an daina sayar da lasisin dindindin, wato wanda za ka biya sau ɗaya ya zama naka, daga yanzu haya ce kawai, kuma ba da yawan furosesa ake lissafi ba kamar da, da yawan koa ake yi, wato ƙananan sassan lissafi da ke cikin furosesa, ko furosesarka koa takwas gare ta sai ka biya kuɗin 16. Mutane na ta kuka da tsada kuma da gaskiyarsu, amma ni abin da ya fi damuna shi ne ta yaya manhaja ɗaya ta yi ƙarfin da za a ninka maka kuɗi ka kasa tafiya, alhali akwai irinta kyauta tun shekaru da dama.

Abin ya daɗe fa, ba VMware ne ya ƙirƙiro shi ba. A shekarun 1960 kwamfuta guda ta IBM kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin ma'aikatu, ga mutane da yawa kowa na son amfani da ita lokaci ɗaya. Sai injiniyoyin IBM a cibiyarsu ta Cambridge da ke jihar Massachusetts suka rubuta CP-40, daga baya CP-67, wata manhaja ce da ke zama a ƙasa ta ba kowane mutum kwaikwayon kwamfuta cikakkiya, shi yana ganin injin duka nasa ne, ya ɗora tsarin aikinsa a kai, in ya lalata nasa bai shafi na kusa da shi ba. A 1972 IBM ya fito da shi kasuwa da sunan VM/370. Wannan manhajar ta ƙasa ita ce haifabaiza, kwamfutocin da take ƙirƙirowa kuma su ne VM. A 1974 Gerald Popek da Robert Goldberg suka rubuta sharaɗin da furosesa za ta cika kafin a iya yi mata haka cikin sauƙi: duk umarnin da zai iya taɓa asalin yanayin injin, dole in baƙon tsari, wato tsarin aikin da ke cikin VM, ya gwada shi furosesa ta tsayar ta miƙa wa haifabaiza.

Daga nan sai aka kusa mantawa da zancen a wajen duniyar manyan injinan IBM, saboda ƙananan kwamfutoci masu furosesar x86 sun yi araha. A shekarun 1990 al'adar ita ce kowace manhaja da sabarta, imel saba ɗaya, lissafin albashi saba ɗaya, rumbun bayanai saba ɗaya, don in ka haɗa biyu a Windows NT guda sai su yi ta karo, kuma mai sayar da manhajar zai ce ba ruwansa tunda ka haɗa da ta wani. Sakamakon shi ne ɗaki cike da ƙarafa, kowace saba sau da yawa aikinta bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinta ba, amma wuta da sanyi da wuri duk cikakke take ci, kamar ka ɗauko tirela guda don buhun shinkafa ɗaya.

Matsalar ita ce x86 ba ta cika sharaɗin su Popek ba, akwai umarni 17 da in baƙon tsari ya yi su furosesa ba ta tsayarwa, sai ta yi shiru ta wuce ko ta ba da amsar da za ta tona asirin cewa ba shi ke da injin ba. Nan ne VMware ya shigo. Mendel Rosenblum malami ne a jami'ar Stanford, shi da ɗalibansa sun yi wani bincike mai suna Disco, a 1998 shi da Diane Greene da Edouard Bugnion da Scott Devine da Ellen Wang suka kafa kamfanin a Palo Alto. Dabararsu ita ce su riƙa karanta umarnin baƙon tsarin kafin ya kai ga furosesa, in an ga mai haɗari a musanya shi da wani nan take. Gaskiya aiki ne na basira, ba wanda zai raina shi. Workstation ya fito 1999, ESX wanda ke zama kai tsaye a kan ƙarfe ya fito 2001.

Amma abin da ya sa manyan ma'aikatu suka miƙa wuya shi ne vMotion a 2003. Ka ɗauki VM tana cikin aiki, mutane na amfani da ita, ka mayar da ita wata sabar daban ba tare da kashewa ba, ana kwafe abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta sannu a hankali tana ci gaba da aiki, a sake kwafe shafukan da suka canza, a sake, har ya rage ɗan kaɗan, sai a dakatar da ita na ƙiftawar ido a tashe ta a can. Duk wanda ya taɓa kwana a ofis daren Asabar don canza wani sashe na saba ya san darajar wannan. A 2006 aka ƙara HA, in saba ta mutu VM ɗinta su tashi a wata da kansu, da DRS mai daidaita nauyi tsakanin sabobi. To sai dai a lokacin duk wannan yana bukatar ma'ajiya ɗaya da sabobin ke gani tare, yana bukatar manhajar gudanarwa ta tsakiya wadda yanzu ake ce wa vCenter, kuma daga wannan lokacin ba haifabaiza kaɗai ka saya ba, tsarin ɗakinka gaba ɗaya ka gina a kan kamfani ɗaya.

Ita kanta haifabaiza ba ta daɗe tana da tsada ba. Xen ya fito daga jami'ar Cambridge ta Ingila a 2003 kyauta. Intel ya saka VT-x cikin furosesa a 2005, AMD ya biyo da AMD-V a 2006, wato an toshe waccan ɓarakar ta x86 daga tushe, basirar musanya umarni ta daina zama dole. Avi Kivity na kamfanin Qumranet a Isra'ila ya rubuta wata haifabaiza mai suna KVM, aka shigar da shi cikin Linux a farkon 2007, Red Hat ya sayi kamfanin a 2008, shekarar da Microsoft ya fito da Hyper-V, Proxmox ma ya fito daga Vienna, VMware da kansa ya fara ba da ESXi, magajin ESX, kyauta. Amazon ya buɗe EC2, hayar VM ta intanet, a 2006 a kan Xen, daga baya ya koma tsarin Nitro mai tushen KVM, Google ma KVM yake amfani da shi. Yawancin manyan masu girgije, wato masu ba da hayar sabobi ta intanet, kayan kyauta suka ɗauka suka gina nasu, bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati da kamfanonin waya ne suka zauna da VMware a ɗakunansu.

Ɓangaren da ake yawan tsallakewa in ana wannan labarin shi ne netwok, kuma a ganina nan ne sarƙar ta fi ɗaurewa. VM tana tashi daga wannan saba zuwa waccan cikin daƙiƙoƙi, amma suwic ɗin ƙarfe da fayawol ba su san ta motsa ba, sai mai netwok ya zo ya saita da hannu, wani lokacin a jira kwanaki. Ga shi VLAN, hanyar raba netwok ɗaya gida-gida, lambarta bit 12 ce, ba za ka wuce 4094 ba, ga mai ba ɗaruruwan kwastomomi haya wannan ya yi kaɗan. Sai aka fara ɗauko netwok ɗin ana shigo da shi cikin haifabaiza, aka fito da VXLAN mai bit 24, kusan miliyan 16, wanda ke naɗe saƙon VM cikin wani saƙon ya ratsa netwok na ƙasa ba tare da ƙarfen ya damu da abin da ke ciki ba. A 2012 VMware ya sayi Nicira, kamfanin Martin Casado da Nick McKeown da Scott Shenker, a kan dala biliyan 1.26, daga nan NSX, manhajar netwok ta VMware, ya fito a 2013, kowace VM da fayawol ɗinta a bakin ƙofarta yana binta duk inda ta je. Abu ne mai kyau sosai wajen tsaro, amma ma'aikatar da ta yi shekara goma tana rubuta dokoki a cikin NSX, dokokin nan ba su da wani gida sai NSX. A 2014 vSAN ya zo ya ɗauke ma'ajiya ita ma.

Shi kamfanin ya sha canza hannu, EMC ya saye shi a 2004 kan kuɗi sama da dala miliyan 600, Dell ya sayi EMC a 2016, aka sake ware VMware a 2021. Kuma ba wannan ne karon farko da aka taɓa lasisi ba. A 2011 da fitowa ta 5 ta vSphere, wato babbar manhajar VMware ta sabobi, suka kawo lissafi da yawan ƙwaƙwalwar da ka ba VM, kwastomomi suka tayar da jijiyar wuya, a 2012 aka janye. Lokacin ana tsoron kar mutane su koma Hyper-V, kuma lokacin komawar ba ta da wuya sosai tunda NSX da vSAN ba su zo ba.

Broadcom ƙarƙashin shugabansa Hock Tan ya sanar da cinikin a Mayun 2022 kan dala biliyan 61, in an haɗa da bashi ya kai wajen 69. Wanda ya ga yadda ya yi da CA Technologies da ya saya 2018 da sashen kamfanoni na Symantec a 2019 bai yi mamaki ba, salon shi ne a riƙe manyan kwastomomi a rage sauran hidima. An dunƙule kayayyaki masu yawa cikin 'yan ƙunshi, babban shi ne VMware Cloud Foundation, an rage dillalai, an sayar da sashen kwamfutocin ma'aikata ga kamfanin zuba jari na KKR ya koma Omnissa, an janye ESXi na kyauta a Fabrairun 2024 kafin a dawo da shi a 2025. Su a nasu ɓangaren sun ce sauƙaƙawa suka yi kuma sun rage farashin babban ƙunshin da rabi, kuma ga wanda dama yake amfani da komai da komai wataƙila haka ne. Amma wanda vSphere kawai yake bukata sai ya tarar ana tura shi ga abin da ba ya amfani da shi. Kamfanin waya na Amurka AT&T ya kai su kotu a 2024 yana cewa ƙarin da aka nema ya kai kashi 1,050 cikin ɗari, daga baya suka sasanta, a Turai ma ƙungiyar CISPE ta masu ba da hayar girgije ta kai ƙorafi.

A Najeriya abin ya zo da nauyi biyu, lasisin da dala ake lissafa shi, kuma daga Yunin 2023 da aka saki naira dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024, kenan ko Broadcom bai ƙara ko sisi ba kasafin ya riga ya wargaje.

Masu cewa ai a koma Proxmox ko Nutanix ko Hyper-V ko OpenShift kawai, rabin gaskiya suka faɗa. Ɗauke VM ɗin kanta ba wuya, akwai virt-v2v, akwai qemu-img da ke juya faifan VMDK na VMware, Proxmox ma ya saka hanyar jawowa kai tsaye daga ESXi a 2024. Wahalar tana wajen dokokin fayawol, da manhajar bakof, da rubutattun umarnin sarrafa VMware na PowerCLI da wanda ya rubuta su ya bar aiki tuntuni, da ma'aikatan da duk horonsu na VMware ne, da mai sayar da manhajar banki ko asibiti da zai ce shi a kan vSphere kaɗai ya gwada tasa. Shi ya sa ƙananan wurare masu saba uku ko biyar suka fi saurin ficewa, manya kuma da yawa suka sa hannu a hayar wasu shekaru suna shirin fita a hankali.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu tsohon lasisin dindindin da suka ce za su ci gaba da amfani ba tare da sabunta tallafi ba. Manhajar za ta ci gaba da aiki, amma facin tsaro ne matsalar. A Fabrairun 2023 harin ESXiArgs ya kulle dubban sabobin ESXi, da yawansu a Faransa, ta wata ɓaraka a sashen ESXi mai suna OpenSLP wadda facinta ya fito tun 2021 amma ba a saka ba, kuma in aka kama haifabaiza duk VM da ke kanta an kama su tare. Tallafin vSphere 7 na gama-gari ya ƙare ranar 2 ga Oktoba 2025, kuma har yanzu akwai ɗakunan da shi ke ɗauke da komai.