Gaba saboda siyasa: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Da zarar zaɓe ya ƙarato, ko wani bidiyo ya tayar da ƙura, tambayoyi iri ɗaya ne suke shigowa. Ga su nan wuri guda. Duk wanda ya sake aiko da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wai yanzu ne aka fi rarrabuwa, ko dama can haka ake?

Dama can haka ake. Tambayi kakanka zamanin NEPU da NPC, lokacin da ake ɗaure mutum a kurkukun En'e saboda jam'iyyar da yake bi. Tambayi babanka Santsi da Taɓo, sa'ad da PRP ta dare gida biyu a Jamhuriya ta Biyu, Taɓo ɓangaren Malam Aminu Kano, Santsi ɓangaren Abubakar Rimi. A tarzomar Kano ta Yulin 1981 aka kashe Dakta Bala Muhammad, kuma babu Facebook a lokacin. Abin da ya canza shi ne sauri. Da jita-jita sai ta kwana kafin ta kai ƙauyen da ke gaba, yanzu kafin a idar da sallar magariba ta gama zaga jiha.

Me ya sa duk sanda na buɗe waya faɗa kawai nake gani?

Saboda shi kake dannawa. Manhajar tana lura da abin da ka tsaya a kai, da wanda ka yi wa sharhi, da wanda ka tura wa wasu, sai ta ƙaro maka irinsa. Ba ruwanta da ko yabo ka rubuta ko zagi, duk sharhi ne. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da alamar fushi, har da sauran alamomin irinta, take ninka dannawar "like" sau biyar wajen ɗaga rubutu. In ka shiga ƙarƙashin rubutun da ya ɓata maka rai ka zazzaga masifa, ka taimaka masa ya kai ga ƙarin mutane. Ka wuce kawai, ko ka danna wurin da ake ɓoye rubutu.

Sojojin baka da 'yan data, da gaske biyansu ake?

Da yawansu, eh. Wasu kuɗin fili a rediyo ake biya musu, wasu kati ake sa musu, wasu alkawarin muƙamin mataimaki na musamman suke jira. Sana'a ce, kuma kasuwarta ba ta ci sai da zafi.

Ni dai ba a biyana, kishin gaskiya nake yi. Laifi ne?

Kishi ba laifi ba ne, amma ka duba a kan wa kake ɓata zumuncinka. Ganduje mataimakin Kwankwaso ne har sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma 2011 zuwa 2015, kafin ɓarakarsu ta fito fili a 2016. Shekarau ne ya kayar da Kwankwaso a 2003, suka yi shekara da shekaru magoya bayansu ba sa ga-maciji, sai ga Shekarau ya bi Kwankwaso zuwa NNPP a watan Mayun 2022, kafin Agusta ya ƙare kuma ya fita. Atiku ya yi PDP, ya yi AC, ya koma PDP, ya shiga APC, ya sake komawa PDP a 2017. Su suna haɗuwa wurin ɗaurin aure, suna musabaha, suna ƙulla sabuwar tafiya ranar da buƙata ta zo ɗaya. Kai kuma ka daina gaida yayanka uwa ɗaya uba ɗaya saboda launin hula. Haba malam.

An turo min hoton gawarwaki, an ce 'yan'uwanmu ake kashewa. In yaɗa don a sani?

A'a. A watan Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi a Filato, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, binciken BBC ya gano daga baya cewa wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. Matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, aka tare a hanya aka kashe. Ka sa hoton a Google Lens, manhajar binciko asalin hoto, ka ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. Ka duba lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, da harshen da ake ji a bidiyon. Ka tambayi wanda ya turo maka: wane gari, wace rana, wa ya ɗauka? In amsar "ni ma turo min aka yi" ce, maganar ta ƙare. Saƙon da WhatsApp ta sa wa alamar an tura shi sau da yawa, shi ya fi cancantar zargi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta riga ta gaya maka abin yi. Ko da hoton gaskiya ne, DPO da mai unguwa ne suke buƙatarsa, ba guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ba.

Unguwarmu ta rabu biyu tun bayan zaɓe, har an fara jifa. Ta yaya za mu haɗa zaman sulhu?

Wannan ce tambayar da ta cancanci lokaci, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da dama. Da farko, an zubar da jini ko ba a zubar ba? In an rasa rai, ko an ƙona gida ko shago, kada kwamitin unguwa ya ɗauki abin shi kaɗai. Akwai haƙƙin da sai hukuma ta shiga, kuma zaman da aka yi don a binne maganar diyya ba ya daɗewa. A Kaduna akwai hukumar zaman lafiya ta jiha tun 2017, a Filato akwai irinta tun 2016, a sauran wurare kuma a bi ta dagaci da hakimi. Abin da zan faɗa a ƙasa ya fi dacewa da rigimar da ke matakin zagi, ƙauracewa juna, da jifan yara.

Kada ku fara da taro. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowa yake yi: a kafa rumfa, a jera kujeru, a gayyato kowa, sai kowane ɓangare ya zo da masu yi masa tafi, a tashi baram-baram. Mutum biyu ko uku da ɓangarorin biyu suka yarda da su za su fara zagayawa, su zauna da kowane ɓangare daban, sau biyu ko uku in da hali. A nan ake jin ainihin ƙorafin, kuma sau da yawa za ku tarar ba zaɓen ba ne. Rabon taki ne da aka yi son kai, ko filin ƙwallo, ko shugabancin kwamitin masallaci, ko wani tsohon bashi, siyasa ta zo ta hau kai. Masu shiga tsakanin kada su zama waɗanda aka taɓa gani a kan dandamalin kamfe. In limamin unguwa ya taɓa yi wa wani ɗan takara addu'a ta musamman a bainar jama'a, a nemi wani, ba raini ba ne.

In an zo zaman haɗuwa, mutum biyar zuwa bakwai daga kowane ɓangare sun isa, kuma adadin ya zama daidai. Waɗanda za a zaɓa su ne matsalar. Dattawa masu kamala sun fi daɗin zama, amma ba su ke jifa ba. Dole a samu wanda matasan suke jin maganarsa da gaske, ko da ba ku son ganin fuskarsa, ko da ana ce masa ɗan daba. A nan sai an yi taka-tsantsan: in kun ba shi kujerar girma, kun koya wa na bayansa cewa tayar da hankali yana kai mutum teburin manya. Abin da ya fi, a gana da shi a gefe tukuna, ya shigo a matsayin ɗaya daga cikin wakilai, ba shugaba ba. Mata kuma, in al'adar wurin ba ta bari su zauna da maza, a yi musu nasu zaman. Su suka san gidan da aka daina kai wa abincin suna, su ne kuma za su iya mayar da shi.

Wuri: ba ofishin jam'iyya ba, ba gidan wani mai muƙami ba. Ajin firamare ko zauren mai unguwa, in dai shi ma ba a ɗauke shi ɗan wani ɓangare ba. A ajiye wayoyi a bakin ƙofa. Mutum ba ya sassautowa in ya san za a yanko maganarsa ta daƙiƙa 30 a sa a TikTok a ce ya sayar da tafiya. Kada zaman ya wuce awa biyu. Kowa ya faɗi abin da aka yi masa shi da kansa, ba abin da ya ji an yi wa wasu a wata jiha ba, kuma kafin ɗaya ɓangaren ya mayar da martani, ya fara maimaita abin da ya ji har mai maganar ya ce haka ne. Yana da gajiyarwa, amma shi yake rage "ba haka na ce ba".

Kada a nemi kowa ya bar jam'iyyarsa, kada kuma a tilasta yafiya a zaman farko. Yafiyar da aka yi don kunyar dattawa a ƙofar zaure take tsayawa. A fito da abu biyu ko uku ƙanana da za a iya gani da ido: ba za a yage fosta ba, ba za a kunna waƙar habaici a bakin layin ɗaya ɓangaren ba, in jita-jita ta taso ga mutum ɗaya daga nan da ɗaya daga can da za su kira juna kafin kowa ya fito. A ƙara da aikin da ya shafi kowa, kamar yashe kwata kafin damina, karo-karon gyaran taransifoma, ko jadawalin 'yan sintiri da aka cakuɗa ɓangarorin a ciki. A rubuta, a sa ranar dawowa bayan mako biyu.

Maganar kuɗi: ruwa da goro sun wadatar. Da zarar an fara raba kuɗin mota, masu zuwa za su canza, kuma rigimar ba za ta so ƙarewa ba. Ɗan siyasa kuma in ya ce zai ɗauki nauyin zaman, a yi masa godiya a ce a'a. Lokaci ma yana da tasiri: saura mako uku zaɓe ba lokacin tono tsohon ciwo ba ne, a tsaya kan yarjejeniyar hana faɗa kawai, sauran a bari sai ƙura ta lafa. Duk da haka zaman farko yana iya watsewa. Ba abin tashin hankali ba ne. A koma zagayen gida-gida, a gano wanda aka manta ba a gayyata ba, domin yawanci shi ne ya watsa.

Sa hannu a takardar zaman lafiya yana da wani amfani kuwa?

Yana da shi, in akwai masu bibiya. A Agustan 2002 malaman Musulunci da na Kirista 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yi wa aiki. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke a garin, aka rasa rayuka sama da 200. Takarda ita kaɗai ba ta hana komai. Amma ka kwatanta 2011, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku bayan zaɓen shugaban ƙasa, da 2015, da Jonathan da Buhari suka sa hannu a Abuja a Janairu, suka sabunta a Maris gaban kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar, sannan Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ba takardar ce kaɗai ta yi aikin ba, amma kwamitin bai koma gida ya kwanta bayan ɗaukar hoto ba.

Neman matsaya ba munafunci ba ne? Za a ce ba ni da alƙibla.

Su ce. Ba wanda ya ce ka daina sukar gwamnati ko ka zaɓi wanda ba ka so. Ashafa da Wuye a ɓangarori masu gaba suke a rikicin Kaduna na 1992, Wuye ya rasa hannunsa, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun fara aiki tare tun 1995, kuma babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. Kai da ba ka rasa ko farce ba, me kake tsoro?

In fita daga guruf ɗin dangi?

Kada ka fita, fitar kanta sanarwar gaba ce. Ka kashe ƙarar saƙonnin. Ka kira mai kula da guruf ɗin ku sa doka ɗaya: nan na biki ne da suna da ta'aziyya, mai son siyasa a buɗe masa wani. Kawun da yake turo saƙon murya na minti tara kuma, a waya za ka same shi, da ladabi, ba a gaban 'ya'yansa ba.

Wani ya yi min ƙazafi a intanet da sunana. In rama?

In ka rama kun zama biyu, kuma shi ɗin wataƙila biyansa ake. Ka ɗauki hoton rubutun yadda sunan shafin da kwanan wata za su fito, ka adana adireshin rubutun kafin ya goge, ka samu mutum biyu da suka gani da idonsu. Ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a jihohin Arewa, kana kuma iya shigar da ƙarar neman diyya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida, an taƙaita shi a gyaran 2024, don haka ba kowane zagi ne ya shiga ƙarƙashinsa ba yanzu. Ka ga lauya kafin ka je caji ofis, ka kuma tafi da wayar da ka ga rubutun a cikinta.