Daga majigi zuwa waya: yadda kallo ya sauya a Sakkwato

A majalisun Sakkwato, da zarar dattawa sun ga yara sun duƙufa a kan waya, sai a tayar da tsohuwar gardamar nan, wai kallon shekarun baya ya fi na yanzu. Ni dai ina ganin ba ingancin hoto ake kewa ba, domin hoton wancan zamani ko kusa bai kai na yau ba. Abin da mutanen garin nan suka rasa shi ne jin muryarsu a cikin akwatin kallo.

Da majigi aka fara. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka a 1939, kuma motocin hukuma ne ke yawo gari gari. A kafa farin ƙyalle a fili bayan sallar isha'i, mai bayani ya riƙe lasifika yana fassara hoto da Hausa: tsaftar gida, noman auduga da gyaɗa, allurar rigakafi. Darasi ne gwamnati ke bayarwa, amma mutane sun ɗauke shi biki. Gidajen sinima kuwa, da finafinan Indiya da 'yan kasuwar Labanan suka riƙa shigowa da su, ba su taɓa samun wannan karɓuwa ba. Wuri ne na samari, matan aure ba su zuwa, ɗan malamai ma in ya je sai ya yi ta waige.

Talabijin ce ta shigar da kallo cikin gida. Kaduna ta samu tata tun 1962, amma Sakkwato sai a 1975, lokacin tana hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Shekara guda bayan haka aka raba jihar, a 1977 kuma gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda muka sani da NTA.

Duk wanda ya tashi a Rijiyar Ɗorowa ko Tudun Wada a shekarun 1980 ya san yadda ake yi. Tashar ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe da taken ƙasa cikin dare. Gida ɗaya ne ko biyu ke da akwatin a layi, baƙi da fari, wani har da ƙofar katako da makulli. Tun kafin magariba yara ke wanke ƙafafu, domin uwar gida ba ta barin mai ƙura ya hau mata tabarma. In hoto ya fara yayyafi, sai a tura wani yaro ya kama dogon ƙarfen eriya, yana murɗawa yana tambaya daga waje, "Ta yi?" Na ciki su amsa baki ɗaya, "Ba ta yi ba, ƙara kaɗan!" In NEPA ta ɗauke wuta kuma, sai a koma gidan mai batirin mota.

Daga Kaduna ana samun wasannin kwaikwayo na Samanja da Ƙasimu Yero, kuma ana son su. Amma ranar da za a nuna Idon Matambayi, wasan da tashar Sakkwato ta shirya da kanta, ta daban ce. 'Yan wasan mutanen gari ne, gobe kana iya haɗuwa da ɗayansu a kasuwa yana cinikin albasa. Alƙali a wasan da Sakkwatanci yake yanke hukunci, attajiri da shi yake taƙama, uwa da shi take yi wa ɗiyarta faɗa. Ba wanda ya ji "wanga yaro" ko "mi kaka so" ya yi dariya don lafazin kawai, sai dai don abin da aka faɗa.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, shigo da fim da kayan aiki ya yi tsada, sinima ta fara durƙushewa, tashoshin gwamnati suka rage shirya wasanni. Sai bidiyo ta cike gurbin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kafin ƙarshen shekarun nan kuma harkar ta bunƙasa har ta samu sunan Kannywood. Shagunan hayar kaset suka cika unguwanni. A nan dole a faɗi gaskiya, mata ne suka ci ribar wannan sauyi, domin kallon da aka hana su a sinima ya same su har ɗaka, da rana tsaka, ba sai an jira maigida ya buɗe akwati ba.

Sai dai kuɗi da kasuwa da kyamara duk a Kano suke, saboda haka harshen fim ya zama Kananci. Sau da yawa in ka ji Sakkwatanci a fim, to a bakin baƙauye ne ko maigadi, an sa shi don a yi dariya. Wannan ya fi yi mini ciwo a kan rawa da waƙar da ake ta kuka da su. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan sai masu tura fim a waya. Tashar talabijin ta Arewa24 ta zo a 2014 da wasanni masu dogon zango, ita ma a Kano take shirya su.

Yanzu samarin Sakkwato na ɗaukar gajerun wasanni da waya suna sakawa a TikTok da YouTube, da harshen gida, ba su neman izinin kowa. Mafi yawansu barkwanci ne. Tsofaffin wasannin kuwa, kaset ba ya jure zafi da ƙura irin na garin nan, ga shi a wancan lokaci tashoshi da yawa kan goge shiri su ɗauki wani a kai saboda tsadar kaset. Wanda ya nemi Idon Matambayi a intanet yau, in ya yi sa'a, guntaye zai samu.