Tsohuwar dalma da zubin kan harsashi: tambayoyin da na gaji da amsawa

Kusan duk wanda ya fara sha'awar zuba kan harsashinsa da kansa, tambayoyin nan yake kawo mini, kuma ya kawo su bayan ya riga ya ɓata tukunya guda. Na tattara su wuri ɗaya. Maganar dalma kawai zan yi. Wanda yake neman bayanin albarushi ko cika harsashi, ya nemi wani.

Ina da tsofaffin batiran mota guda uku, zan iya narka dalmar ciki?

A'a. Da wannan na fara domin ita ce tambayar da take tayar mini da hankali. Farantan da ke cikin batiran zamani suna da sinadarin kalsiyam. Idan kashin da ya taso daga narka su, wato dattin da ke taruwa a saman narkakkiyar dalma, ya haɗu da sinadarin antimoni ko asanik, sannan danshi ya taɓa shi, yana fitar da iska mai guba wadda ke iya kashe mutum. Ga ruwan batirin mai cin fata, ga kuma dalmar da za ka samu ba ta taka kara ta karya ba. Kai su wurin masu sake sarrafa batir.

Doka ta yarda?

Ya danganta da ƙasar da kake. A Amurka mutane da yawa suna yin wannan sana'ar hannu a gidajensu bisa doka, a wasu ƙasashen kuwa in ba ka da lasisi, laifi ne mai kai mutum kurkuku. Ka san dokar inda kake kafin ka kunna wuta. Ko a Amurkan ma, jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019.

Ai dalma dalma ce, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne. Tsantsar dalma, irin ta tsohon bututun ruwa ko fallen rufi, taurinta wajen 5 ne a ma'aunin Brinell, wato ma'aunin taurin ƙarfe, farce ma yana karce ta. Dalmar saitin taya mai maƙali, wato ɗan nauyin da ake maƙala wa bakin rim don daidaita tayar mota, tana da antimoni kusan kashi 3 cikin ɗari, da ɗan kuza, da ɗigon asanik, taurinta yakan kai 9 zuwa 12. Wadda ake liƙa wa taya da gam kuma kusan tsantsa ce, ka ware ta daban. Dalmar injin ɗab'i na Linotype kashi 84 dalma ce, 12 antimoni, 4 kuza, taurinta wajen 22. Abubuwa huɗu ke nan masu kama da juna a ido, halinsu ya sha bamban.

Yaya zan gane tutiya?

Yauwa, wannan tambayar mai hankali ce. Tun da Tarayyar Turai ta hana dalmar saitin taya a 2005, wasu wuraren suka bi sahu, bokitin nauyin saitin taya da za ka samu yau cike yake da na tutiya da na baƙin ƙarfe. Zauna ka tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka rubuta wa Zn tutiya ne, mai Fe ƙarfe ne. Wanda ba rubutu, datse gefensa da filaya: dalma takan lotsa, tutiya sai ta ƙi. In ka jefa a kan siminti, dalma takan faɗi tim, tutiya ta yi ƙara.

Sannan ka sayi ma'aunin zafi. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Salshiyas, tutiya sai 420. In ka riƙe tukunyarka ƙasa da 370, duk tutiyar da ta ɓuya za ta taso sama tare da maƙalan ƙarfe ka kwashe. In ka bar wuta ta yi ta ci ba ma'auni, tutiyar za ta narke ciki, ruwan dalmar ya yi gudaji-gudaji, ya ƙi cika mazubi. Kada ka tambaye ni yadda ake cire ta a gida. Ware tukunyar nan, ka yi nauyin kamun kifi da ita.

Kuza ke sa tauri?

Kaɗan. Babban aikinta sa narkakkiyar dalma ta kwarara ta cika kowane lungu na mazubi. Mai sa tauri sosai antimoni ne. Don cika mazubi, kashi 2 cikin ɗari ya wadatar, abin da ya wuce haka yawanci asarar kuɗi ce, ga kuza da tsada.

To wane haɗi zan yi wa bindigar raifil ɗina?

Nan fa ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda bai ga bindigarka ba. Sai mu bi a hankali.

Abu na farko, me za ka harba? In takarda ce a filin gwaji, tauri ba ya cutarwa, har Linotype zalla wasu ke zubawa. In farauta ce, magana ta canza. Antimoni mai yawa yana sa kan harsashi gautsi, ya tarar da ƙashi ya farfashe maimakon ya baje ya ratsa. Dabbar ta tafi da rauni ta je ta mutu a wahale, kai kuma ka ɗauki alhaki. Shi ya sa mafarauta da dama ke rage antimoni, su bar kuza ta kusa daidai da shi.

Na biyu, me ke hannunka? In dalmar taya mai maƙali ce mafi yawa, mafarin da nake ba kowa shi ne ita da ƙarin kuza kashi 2. A kilo 10 ka sa giram 200 na kuza, ko giram 400 na dalmar liƙi mai rabi kuza rabi dalma, irin ta masu gyaran bututu. In kana da Linotype da tsantsar dalma, haɗa su rabi da rabi, za ka samu kusan 92 dalma, 6 antimoni, 2 kuza, tauri wajen 15 ko 16. Akwai kuma tsohon haɗin da kamfanin Lyman, mai yin kayan zubin harsashi, ya sa wa lamba 2, wato 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni, shi ma wajen 15. Yana zubuwa da kyau ƙwarai, sai dai yana cin kuza. Duk lissafin nan ya dogara ne a kan cewa abin da ke bokitinka shi ne abin da kake zato. Tsohuwar dalma ba ta zuwa da takardar shaida. Dalmar taya ta shekaru arba'in da suka wuce ba lallai ta yi daidai da ta yanzu ba, Linotype da aka narka sau da yawa ta yi asarar kuzarta.

Na uku, akwai hanyar samun tauri ba tare da ƙara antimoni ba. In kan harsashi ya faɗo daga mazubi da zafinsa kai tsaye cikin bokitin ruwa, taurin dalmar taya yakan kai 18, wani lokaci fiye, saboda antimoni da ɗigon asanik ɗin nan. Wasu ma sukan tsinka dalmar taya da tsantsa rabi da rabi sannan su kashe ta a ruwa, su samu tauri ba gautsi. Yana aiki a wurin mutane da yawa. Haɗin dalma da kuza kawai, ko ka jefa shi a ƙanƙara ba zai taurara ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: mafi yawan masu kukan dalma tana liƙewa a bututun bindigarsu, ba laushi ne matsalarsu ba, kan harsashin ne ya yi wa bututun kaɗan. Iskar wuta takan bi ta gefe ta zaftare dalma ta shafa a bango. Sai mutum ya ƙara tauri, abin ya ƙara lalacewa, domin mai tauri ba ya buɗewa ya toshe giɓin. Auna cikin bututunka. Yawanci ana son kan harsashi ya ɗara shi da 0.001 zuwa 0.002 na inci. In gudun ya yi yawa, ana sa masa hular tagulla a gindi. Gyara waɗannan tukuna, sannan mu yi gardamar taurin 12 ko 18. Yi ɗan haɗi na kilo biyu ko uku, ka gwada, ka rubuta. Ta yiwu bindigarka ta so abin da tawa ta ƙi.

Na ga wani toka-toka yana tasowa saman tukunya, in kwashe in zubar?

Kada ka yi gaggawa. A cikin wannan kashin akwai kuzarka da iska ta ci. Zuba ɗan busasshen garin katako, bari ya zama gawayi, ka juya sosai da ludayi har ƙasan tukunya da gefenta. Abin da ya rage kamar baƙar ƙura shi ne datti. Tara shi a gwangwani mai murfi, nesa da ruwa, nesa da yara.

Dalmar da aka tono daga tudun filin harbi fa?

Tana da kyau, sai dai ba ka san me ke ciki ba, tauri yakan faɗa tsakanin tsantsa da dalmar taya. Tsince ta da hannu. Harsashi mai rai guda ɗaya a tukunya ya isa ya jawo bala'i. Waɗanda tagulla ta rufe ruf, datse su kafin su shiga wuta.

Ɗan danshi ne kawai, zafi ba zai busar da shi ba?

Malam, ka ji tsoron Allah da idanunka. Ruwa in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yakan zama tururi nan take, ya kumbura fiye da ninki 1,600. Na taɓa sa guntun tsohon bututu a tukunya mai zafi, na duba shi a bushe yake. Ashe an matse bakinsa, akwai raɓa a ciki. Ƙara ɗaya na ji, sai ga dalma a rufin rumfa, a kan takalmina, ɗigo uku a gilashin da ke fuskata daidai saitin idon hagu. Gilashin yana nan rataye inda nake aiki. Tun ranar, tsohuwar dalma a tukunya mai sanyi nake loda ta, su ɗau zafi tare. Bokitin kashe harsashi kuma ya zauna ƙasa, nesa da tukunya.

Hayaƙin yana da guba?

A zafin da muke zubi, dalmar ba ta tashi sosai, tafasarta sai ta haura digiri 1,700. Kwantar da hankalinka a nan. Inda take shiga jiki shi ne ƙura da hannu zuwa baki. Yi aiki a fili, kada ka ci, kada ka sha, kada ka kunna sigari, wanke hannu da sabulu, ka cire kayan aikin kafin ka ɗauki yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadin dalma a jini da ba ya cutarwa ba, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi shan wuya. Mai juna biyu kada ta kusanci wurin. Tukunyar da ta ga dalma ta bar kicin har abada. In kana zubi a kai a kai, je a auna jininka.

Na zuba yau na gwada, tauri bai kai yadda ka ce ba.

Haba. Haɗi mai antimoni yana ci gaba da taurara bayan zubi. Ba shi mako biyu zuwa uku, ka sake gwadawa. Kafin nan ɗauki ƙusa ka rubuta wa kowane curin dalma abin da ke cikinsa da ranar da ka narka shi, domin nan da wata shida duk kamarsu ɗaya, kuma ni za ka zo ka tambaya.