Riƙe faswod bayan barin aiki: me sashe na 31 ya ce, me aka ƙara masa?

Makon jiya bayan isha'i, a teburin mai shayin da muke zama a Samaru, Zariya, wani ƙanenmu da ke kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi ya kunna mana saƙon murya da ake ta yaɗawa a WhatsApp. Mai maganar yana rantsuwa wai an yi sabuwar doka: duk ma'aikacin kwamfuta da aka samu da faswod ɗin wurin aikinsa a waya, shekara uku ce a gidan yari, kuma duk mai Kali Linux (manhajar da masu gwada tsaron kwamfuta ke amfani da ita) a laftof ɗinsa ɗan kutse ne a idon hukuma. Hankalin yaron ya tashi, domin wata huɗu ke nan ba a ba shi albashi ba, kuma abin da ya ƙudurta shi ne ya ajiye aiki ya riƙe makullan sabar makarantar, wato kwamfutar da ke ajiye bayananta, har sai an biya shi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, to yanzu ni ne mai laifin?"

Da farko dai dokar ba sabuwa ba ce. Dokar hana laifukan intanet ce da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, aka yi mata gyara a 2024 zamanin Bola Tinubu. Sashe na 31 da ake tsorata mutane da shi yana cikinta tun farko. Ya shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu baki ɗaya.

Abin da ya ce a taƙaice: ma'aikaci ya miƙa wa mai aikin dukkan lambobin sirri da izinin shiga na'urori nan take idan ya bar aiki. Wanda ya ci gaba da riƙe su bayan rabuwa, ba tare da wani dalili na doka ba, ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 3, ko tarar naira miliyan 3, ko duka biyun. Ka lura da sharuɗɗan. Sai an rabu. Sai ka ƙi miƙawa. Sai kuma babu dalilin da doka ta yarda da shi. Wanda ke kan aikinsa yana riƙe da faswod ɗin rauta (na'urar raba intanet) da na saba, aikinsa yake yi, ba abin da ya haɗa shi da wannan sashe. Kuma ba mai makaranta ko ɗan sanda ke yanke hukuncin ba, Babbar Kotun Tarayya dokar ta ba hurumin sauraren irin waɗannan ƙararraki.

Inda gizo ke saƙa shi ne wannan "dalili na doka". Da yawa a cikinmu sun ɗauka bashin albashi ya isa dalili: ka riƙe min kuɗina, na riƙe maka faswod, a yi canjaras. Sashen bai lissafa dalilan da ya yarda da su ba, bai kuma ambaci albashi ko sau ɗaya ba. Ma'ana, in ka zaɓi wannan hanya, kai ne za ka tsaya gaban alƙali kana ƙoƙarin gamsar da shi cewa bashi ya halatta maka yin garkuwa da bayanan ɗalibai ɗari biyar. Shi kuma mai makarantar lauyansa zai ce albashi maganar ƙwadago ce, tana da kotunta, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kaduna. Ni ba lauya ba ne, na Kongo, inda tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) take, sun fi ni sanin yadda ake jan irin wannan zare, amma ba zan ba ƙanena shawarar ya sa kansa a wannan caca ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai kuma abin da mai saƙon muryar bai sani ba, wanda ya fi faswod a takarda muhimmanci. Dokar ta ce lambobi da izinin shiga. Mu da ke cikin sana'ar mun san yadda ake yi a Zariya: Oga ya ce a buɗe wa makaranta shafi, ba shi da imel na hukuma, sai ka yi rajistar sunan shafin da Gmail ɗinka. Lambar tabbatarwa ta mataki na biyu wayarka take shigowa. Akawun ɗin cPanel, inda ake sarrafa shafin, da sunanka yake. MikroTik ɗin da ke raba intanet a ofis kai kaɗai ka san ƙofarsa. In ka rubuta musu faswod ka tafi amma lambar tabbatarwa na ci gaba da zuwa layinka, ba ka miƙa komai ba tukuna. Mafi yawan rigimar da na gani daga nan take tasowa, ba daga mugunta ba. Mutum ya koma Kano ko Abuja, bayan shekara rajistar shafi ta ƙare, a neme shi a waya ba a samu ba, sai a fara cewa ya gudu da shafin makaranta.

Wanda aka ɗauka kwangila ya gina shafi ko manhaja, ba ma'aikacin albashi ba, lamarinsa ya fi rataya ga yarjejeniyar da suka yi, domin sashen da ma'aikaci yake magana. Amma kada wannan ya ruɗe shi. In ya fusata ya shiga ya kashe musu shafi a ranar da iyaye ke duba sakamako, sashe na 8 na jiransa, wanda ya tanadi har shekara 2 ko tarar har naira miliyan 5 ga mai gurgunta aikin na'ura da gangan ba da izini ba. Tsohon ma'aikacin da ya koma ya shiga da tsohon faswod don ya kwashi bayanai kuwa, sashe na 6 ya shiga, inda hukuncin kan kai shekara 7 ko naira miliyan 7. Cewa "ai ba su canza faswod ɗin ba" ba izini ba ne.

Batun Kali Linux ba ya buƙatar dogon bayani. Sashe na 28 yana magana ne kan kayan aikin da aka ƙera ko aka riƙe da niyyar aikata laifi. Ɗalibin ABU ko na kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli da ke koyon manhajojin binciken hanyar sadarwa irin su Nmap da Wireshark a kan na'urarsa, ko a kan hanyar sadarwar da aka ba shi izini, ba shi ake nufi ba. Izinin dai ya zama a rubuce. Na sha ganin yara suna gwada hannunsu a shafin da ba nasu ba, wai za su nuna wa masu shi inda ɓaraka take, suna jiran a gode musu.

Da muna tattaunawar, wani abokin aikinmu da ke kula da wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Sabon Gari ya jefo tasa: ya ji an ce in aka yi maka kutse ba ka kai rahoto cikin kwana uku ba, kai ma ɗauri ne. Rabin gaskiya ce. Sashe na 21 ya wajabta wa mai gudanar da na'ura ko hanyar sadarwa ya sanar da ngCERT, cibiyar da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, duk harin da zai iya shafar wasu na'urori. Da kwana 7 ne wa'adin, gyaran 2024 ya mayar da shi awa 72 daga lokacin da aka gano. Hukuncin da aka rubuta shi ne yanke wa mutum intanet da tarar naira miliyan 2. Babu gidan yari a ciki. Kuma kada a haɗa shi da ɗayan awa 72 ɗin na dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wanda shi ga hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ake kai wa, idan bayanan mutane ne suka fita.

Ban ce dokar ba ta da amfani ba. Asibiti ko makaranta ba za su tsaya cik don mutum ɗaya ya yi fushi ba. Sai dai duk wanda ya karanta sashe na 31 zai ga gefe ɗaya aka ɗora wa nauyi. An ce wa ma'aikaci "nan take", an rataya masa shekara 3. Shi kuma wanda ya riƙe albashin wata huɗu, wanda ya ƙi sayen lasisi, ya ƙi biyan kuɗin ajiyar kwafin bayanai, ya tilasta maka amfani da imel ɗinka saboda rowa, sashen bai ce masa uffan ba. Naira miliyan 3 ta fi albashin shekara biyu na yawancin yaran da ke wannan aiki a Tudun Wada da PZ. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da muka sa ƙanen namu ya yi shi ne ya zauna ya jera duk abin da ke hannunsa a takarda: saba, rauta, shafi, imel, kyamarori, manhajar sakamako. Ya mayar da rajistar shafin da lambar tabbatarwa zuwa imel da layin makarantar. Ranar Litinin ya kai wa shugaban makarantar, aka canza kowane faswod a gabansa, shugaban ya sa hannu da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. A takarda ta daban ya rubuta bashin albashinsa wata-wata, ya nemi a sa masa hannu a kai. Wannan ta biyun, Yallaɓai ya ce a bari sai mai makarantar ya dawo daga tafiya.