Karrama Masana Ilimin Sinadarai

Karrama masana ilimin sinadarai al'ada ce ta ƙungiyoyin kimiyya da gwamnatoci, inda ake ba masanin da ya yi fice lambar yabo, ko kuɗi, ko babban matsayi a ƙungiyar sana'arsa. Galibi 'yan uwansa masana ne ke tantance aikin, domin su suka san nauyinsa. Mai sayen magani a kemis, ko manomin da ke zuba takin zamani, ba ya ganin hannun da ya harhaɗa su.

A duniya babu wadda ta kai lambar Nobel shahara. Tun 1901 ake ba da ita a Suwidin, kuma Jacobus van 't Hoff ɗan ƙasar Holan ne ya fara karɓar ta fannin sinadarai. Marie Curie ta samu a 1911 saboda gano sinadaran radiyam da foloniyam. Ta shekarar 1918 kuwa har gobe ana muhawara a kanta. Fritz Haber na Jamus aka ba, domin ya gano yadda ake haɗa amoniya daga naitirojin ɗin da ke cikin iska, wato tushen takin yuriya da manoman dankalin Filato ke dogaro da shi. Amma shi ne kuma ya jagoranci amfani da iskar guba a Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da ya sa wasu masana suka ƙi amincewa da karramawar. A 1999 Ahmed Zewail ɗan Masar ya karɓi tasa, bayan ya yi amfani da hasken leza wajen bibiyar yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa da rabuwa a lokacin da sinadarai ke sauyawa. Ƙa'ida ce ba a raba lambar tsakanin fiye da mutum 3, ko da kuwa mutane da yawa suka yi aikin.

A Najeriya, Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1978, tana ɗaga fitattun mambobinta zuwa matsayi mafi girma, sai su riƙa rubuta FCSN a bayan sunansu. Hukumar ICCON da ke Abuja, wadda doka ta kafa a 1993 don rajista da kula da masu wannan sana'a, ita ma tana da irin wannan matsayi. Sama da su akwai lambar NNOM da aka ƙirƙiro a 1979, wadda shugaban ƙasa ke miƙa wa waɗanda suka yi zarra a fagen ilimi, ofishinta na Merit House a Maitama. Kamfanin iskar gas na NLNG kuma ya fara ba da kyautar kimiyya a 2004, wadda ta kai dala 100,000.

Gaskiyar magana, manyan malaman jami'a ne suka fi kwasar waɗannan lambobi, tunda da maƙalun da aka wallafa ake auna aiki. Ya kamata a riƙa tunawa da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda ke bankaɗo jabun magunguna a Abuja, da masu auna kuza da ruwan tsoffin ramukan haƙar ma'adinai a kewayen Jos da Bukuru, inda jama'a ke ɗiban ruwan noman rani.