Waiwaye: Yadda Alhakin Tsaftar Zango Ya Riƙa Sauya Hannu a Accra

Duk shekara, da zarar hadarin watan Mayu ya fara haɗuwa a kan Accra, babban birnin Ghana, maganar kwata takan dawo bakin mutanen zango, wato unguwannin da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suka kafa, a wurin mai shayi da ƙofar masallaci da gidajen rediyo, kuma kusan kullum maganar takan tsaya ne a kan cewa hukuma ba ta yashe magudanan ruwa ba. Zargin yana da gaskiya a cikinsa, sai dai ba ya bayyana yadda aka yi tsohuwar katifa da buhunan shara da dubban ledoji suka shiga babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi, wadda ruwanta ke gangarawa ya haɗu da kogin Odaw kusa da Circle, babbar mahaɗar hanyoyi ta tsakiyar birnin, kafin ya faɗa tafkin Korle. Wanda yake son ya gane wannan sai ya koma baya ya ga yadda alhakin tsaftar unguwa ya riƙa fita daga wannan hannu yana shiga wancan cikin shekaru fiye da ɗari.

Turawan mulkin mallaka sun mayar da hedikwatarsu daga Cape Coast zuwa Accra a 1877, aka kafa majalisar gari a 1898, sannan annobar cutar ɓeraye ta 1908 ta tsorata su ƙwarai, har suka rushe gidaje a cunkusassun unguwanni suka tsananta dokokin tsafta. A shekarun da suka biyo baya ne Malam Bako, ɗan Malam Naino, ya kwashi jama'arsa daga tsakiyar gari ya kafa Sabon Zango, inda aka yanka filaye aka fitar da layuka. A tsarin wancan lokaci kowane gida yana da maigida wanda ke saukar da baƙi, kuma shi ake tambaya idan ƙofar gidan ta ƙazantu, kamar yadda shi ake tambaya idan baƙonsa ya yi laifi a kasuwa. Matan gida kuwa suna da rabon shara a tsakaninsu, kowane ɗaki da ranarsa, kuma kafin a fito daga sallar asuba an riga an ji ƙarar tsintsiya a tsakar gida da bakin hanya.

A kan wannan tsari na gida ne hukuma ta ɗora nata, wato ma'aikatan duba-gari waɗanda mutane suka laƙaba wa suna tankas, daga sunan majalisar garin a bakin Turawa, wasu kuma suna ce musu samansaman saboda takardar sammacin da suke rubutawa. Kakata ta sha ba mu labarin yadda tankas yake shigowa gida da ludayinsa, ya buɗe randa ko gangar ruwa ya ɗebo ya ɗaga a haske, idan ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki to maigida ya shirya zuwa kotu. Ta ce da an hango farar hularsa a bakin layi sai yara su ruga suna shela, mata su hau kifar da gwangwanaye da rufe tukwane. Tsofaffinmu suna tuna wannan zamani da kewa, kuma ba na musun cewa gidaje sun fi tsafta a lokacin, amma a ganina a nan ne aka fara samun ɓaraka, domin tsaftar da ake yi don tsoron sammaci takan tafi ranar da mai sammacin ya daina zuwa, kuma haka aka yi sa'ad da gari ya faɗaɗa ma'aikatan suka kasa kewaye shi.

Labarin Nima ya sha bamban da na Sabon Zango. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami filin daga hannun wani dangi na ƙabilar Gaa, 'yan asalin Accra, wurin kuma ya cika da jama'a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda ayyukan da sansanonin soja na kusa suka samar. Unguwar ta girma ne a wajen iyakar birni, ba a shigar da ita ciki ba sai a farkon shekarun 1950, lokacin da gidaje suka riga suka cushe babu hanyar mota, babu magudanar ruwa, babu isassun makewayi. Wannan haƙƙi ne da ke wuyan hukumomi, kuma duk wanda zai yi maganar halin mutanen Nima ba tare da ya faɗi haka ba, bai yi adalci ba. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Kalmar zango kanta tana nufin wurin da ayari ke yada zango ya kwana ya wuce, kuma da yawa daga cikin kakanninmu sun zauna ne da tunanin wata rana za su koma gida. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Firaminista Busia a watan Nuwamba na 1969, wadda ta ba marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, ta ƙarfafa wannan tunani, domin mutane sun ga maƙwabtansu na shekara talatin sun sayar da gidajensu da arha sun hau mota. Mutumin da bai tabbata zai kwana a gida baɗi ba, da wuya ya kashe kuɗinsa da ƙarfinsa wajen gyara kwatar ƙofar gidan.

Duk da haka aikin gayya bai mutu ba. Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa sun ci gaba da kiran jama'a su fito da shebur da manjagara, kuma waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 suna tuna yadda shugaban ƙasa na lokacin, Rawlings, da kansa yake shiga kwata tare da masu yashewa. Abin da ya fi ƙarfin gayya shi ne sauyin da ya zo wa sharar kanta. A da, ana ƙunsa waakye, wato shinkafa da wake, a ganye, dokunu, wani tuwon masara mai tsami, a ɓawon masara, ruwan sanyi kuma ana sha a kofi a mayar wa mai sayarwa, saboda haka abin da aka yar a ƙasa awaki ne ke cinye shi ko ya ruɓe cikin kwanaki. Daga shekarun 1990 ruwan leda ya mamaye gari, baƙar leda ta maye gurbin ganye da kwano, har koko da shayi a leda ake zubawa. Hannun da ya saba jefar da ganye bai sauya ɗabi'arsa ba, ya ci gaba da jefawa kamar yadda ya gada, alhali abin da yake jefawa yanzu ba ya ruɓewa. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna nauyin ƙaramin aiki ba, domin babu wanda ya taɓa kawo tirela ya juye a kwatar Nima, leda ɗaya-ɗaya ce ta cika ta.

Da aka miƙa kwasar shara ga kamfanoni masu zaman kansu, irin su Zoomlion da aka kafa a 2006, kuma masu babur mai ƙafa uku da ake kira aboboyaa suka fara bin lungu suna karɓar kuɗi a kan kowane buhu, sai shara ta zama abin da ake biya a rabu da shi. Daga nan wata ɗabi'a ta yi ƙarfi, wadda duk wanda ya zauna kusa da kwata ya gan ta da idonsa: da ruwa ya kece da dare, sai a ga ƙofofi suna buɗewa, ana aiko yara da bokitin shara su juye a cikin ruwan da ke gudu, don a huta da biyan 'yan sidi kaɗan, kuɗin Ghana. Mai juyewar yana ganin ruwa ya tafi da ita, bai ga inda ta je ta toshe ba, kuma yaron da aka aika ya koyi darasin da zai koya wa nasa 'ya'yan.

Sakamakon ya zo a jere. Cutar kwalara ta 2014 ta kama mutane fiye da 28,000 a faɗin Ghana, mafi yawansu a yankin Accra, ta kashe fiye da 200. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, inda jama'a suka fake wa ruwa, mutane fiye da 150 suka rasu, aka yi kwana uku ana zaman makoki na ƙasa. Bincike ya ambaci gine-gine a kan hanyar ruwa da ƙarancin magudanai, ya kuma ambaci sharar da ta toshe waɗanda ake da su. Gwamnatoci sun amsa da shirye-shirye: ranar tsafta ta ƙasa a Asabar ta farkon kowane wata daga Nuwamba 2014, alkawarin Shugaba Akufo-Addo a 2017 na mayar da Accra birni mafi tsafta a Afirka, asusun raya zango da majalisa ta amince da shi a 2017 ɗin, da dokar share ƙofar gida da aka fara tilastawa a yankin Accra a Fabrairu 2022. Kowane ɗaya ya fara da ƙarfi, sannan ya yi sanyi, kuma sau da yawa yashin da aka fito da shi ranar Asabar yakan zauna a bakin kwata har ruwa ya mayar da shi ciki saboda motar kwasa ba ta zo ba. Abin lura shi ne dokar 2022 ta dawo da maganar daidai inda maigidan Sabon Zango ya bar ta, wato ƙofar gidan kowa a wuyansa take.

Malamai ba su gaza faɗa ba. Kowane yaro a makarantar allo ya ji cewa tsafta cikon addini ce, kuma hadisi ya tabbata cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Abin da ke damuna shi ne yadda muka taƙaita wannan tsafta ga jiki da tufa da shimfiɗar salla, har mutum ya iya yin alwala da ruwan leda cikin natsuwa, ya yar da ledar a inda ya tsuguna, ya shiga sahu da farar riga.

A layinmu akwai wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai wadda ta ɗaura buhu a ƙafar teburinta shekaru da dama da suka wuce, kuma ba ta barin mai saye ya tashi sai ya saka ledarsa a ciki. Na taɓa jin wani saurayi ya ce mata, "Hajiya, ai ledata guda ba za ta toshe kwata ba." Ta ce masa, "Ɗana, taka guda ce, tawa guda ce, to ta wa ce ta cika ta?" Ledojin ruwan da ta tara takan ba matan da ke sayar da su a kilo ga masu narkawa. Yanzu masu shago huɗu a layin sun ɗaura nasu buhunan, ladanin masallacin unguwa ya ajiye kwando a wurin alwala, kuma da damina ta bara 'yar kwatar da ke gaban shagunan ba ta tumbatsa ba, ko da yake babbar da ke ƙasan layi ta cika kamar yadda ta saba, domin sharar unguwannin sama duk a nan take tsayawa.